Asalin Karatun Injiniya Da Kuɗin Gwamnati Da Sharaɗin Yi Mata Aiki

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, tsohon malamin makaranta a birnin Damagaram cikin Jamhuriyar Nijar. Bayan doguwar gaisuwa ga ma'aikatan wannan sashe, ga abin da yake cewa: "Ɗana na fari ya ci jarrabawa, an ce za a ɗauki nauyin karatunsa na injiniya, amma da sharaɗin ya sa hannu cewa in ya gama zai yi wa gwamnati aiki na wasu shekaru, in kuwa ya ƙi a biyo mu bashin kuɗin. Ni ma an ce in sa hannu a matsayin mai tsaya masa. Dangi sun rabu biyu, wasu na cewa daraja ce, wasu na cewa albashin gwamnati ba ya kai mutum ko'ina. Don Allah ina wannan al'ada ta samo asali, kuma waɗanda suka fara ta yaya suka ƙare da ita?"

AMSA: To malam, da farko dai muna taya ka murna, Allah ya sa albarka a karatun yaro. Ƙasashe da dama na bin wannan tsari, amma wadda take da dogon tarihi a kansa, kuma wadda Nijar ta gaji tsarin aikin gwamnatinta daga gare ta, ita ce ƙasar Faransa. Saboda haka can za mu nufa.

Cikin shekarar 1716, watau shekara guda bayan rasuwar Sarki Louis na 14, hukumomin Faransa suka kafa wata rundunar ma'aikata da suka sa wa suna rundunar injiniyoyin gadoji da hanyoyi. Dalili kuwa shi ne hanyoyin ƙasar sun lalace ainun, da damina keken doki kan kafe cikin taɓo, haraji ba ya isowa Paris kan lokaci, sojoji ma ba sa kai wa bakin iyaka da wuri. A 1747 wani babban jami'i mai suna Trudaine ya buɗe makarantar horar da waɗannan injiniyoyi, aka damƙa ta a hannun Jean-Rodolphe Perronet, wanda ya riƙe ta har shekara 47, sai mutuwa ce ta raba su a 1794. Shi ne ya gina gadar Concorde da ke tsakiyar Paris, wadda har yau motoci ke bi ta kanta. A makarantar tasa ɗaliban da suka yi nisa su ne ke koyar da na ƙasa da su, da bazara kuma a tura su wuraren aiki su ga yadda ake yi da ido.

Injiniyan wancan zamani wakilin sarki ne. Tun daga 1738 aka wajabta wa ƙauyawa su riƙa ba da wasu kwanaki a kowace shekara suna aikin hanya kyauta, kuma injiniya ne ke shata inda hanya za ta bi da yawan mutanen da za a kawo. Ka ga ke nan girman da ake ba shi a haɗe yake da tsoro. Dattawan Nijar sun san irin wannan aikin tilas, don kuwa Faransa ta yi shi a ƙasashen da ta mallaka a Afirka har zuwa 1946 da aka soke shi.

Da juyin juya halin 1789 ya auku, sai yawancin hafsoshin soja, waɗanda 'ya'yan sarauta ne, suka tsere ƙasashen waje, ga shi kuma daga 1792 Faransa ta shiga yaƙi da maƙwabtanta. Ƙasa na bukatar masu gina ganuwa da gadoji da masu sarrafa igwa, amma babu su. Wannan ne ya sa a 1794 wasu masana, cikinsu har da malamin lissafi Gaspard Monge da Lazare Carnot, suka kafa wata sabuwar makaranta a Paris, wadda a 1795 aka raɗa mata suna Politeknik. A nan sai mu ja hankalin masu sauraronmu na Nijeriya, kada su ɗauka irin kwalejojin kimiyya da fasaha ne da suka sani a Kaduna ko Kano masu ba da difloma. Wannan a Faransa tana gaba da jami'o'i wajen wuyar shiga.

Sabon abin da makarantar ta zo da shi shi ne jarrabawa. Ba a tambayar wane ne ubanka, lissafinka ake dubawa. Aka yi jarrabawar farko a garuruwa 22, aka ɗauki ɗalibai kusan 400, aka yanka wa kowane ɗaya alawus na liba 1,200 a shekara, kana aka rarraba su gidajen mutanen kirki su zauna. To amma kuɗin takarda na lokacin darajarsa sai faɗuwa take yi kullum, ga hunturu mai tsanani, ga tsadar burodi, har ɗalibai da yawa suka haƙura da karatun suka koma gida. Ka ji fa malam, tun a shekarar farko matsalar da danginka ke tsoro ta nuna kanta.

A 1804 Napoleon ya mai da makarantar ta soja. Ɗalibai suka koma bariki, suka sa kaki, aka ba su tuta mai taken da ma'anarsa ita ce domin ƙasa da ilmi da ɗaukaka. Daɗin daɗawa ya soke alawus, ya ce iyaye su riƙa biyan faran 800 a shekara, kuɗin da ya fi abin da lebura ke samu a shekara guda cur. Daga nan makarantar da aka buɗe don ɗan kowa ta koma ta 'ya'yan masu hali, in ban da 'yan kaɗan da ake yafe wa biya. Sai a hankali, cikin shekaru masu yawa, aka riƙa ƙara yawan masu samun tallafi har aka dawo ga biyan ɗalibai albashi.

Abin da ya fi ɗaga darajar aikin shi ne yadda ake rabon guraben. Bayan shekara biyu ana karatu sai a jera ɗalibai daga na ɗaya har na ƙarshe bisa makinsu, kowa ya zaɓi wurin aiki bi da bi. 'Yan kaɗan na sahun gaba su kan ɗauki rundunar injiniyoyin ma'adinai, wadda aka tsara ta a 1810, masu bi musu su ɗauki gadoji da hanyoyi, sauran kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, su tafi soja, sashen igwa ko na gine-gine. Maki ɗaya tak kan raba wanda zai zauna ofis a Paris da wanda zai ƙare a bariki a bakin iyaka. Ɗaliban na kiran waɗannan gurabe na sama da wata kalma mai nufin dogon takalmin soja. Wanda ya samu takalmin nan, iyayen 'yan mata a gidajen attajirai su kan yi rububinsa.

To albashin fa? A farkon ƙarni na 19 ƙaramin injiniya na karɓar kimanin faran 2,500 a shekara, babban sufeto kuwa, muƙamin da mutum ba ya kai wa sai ya yi furfura, faran 12,000. In aka gwada da lebura mai samun faran 1 ko 2 a yini, kuɗi ne mai kauri. In kuwa aka gwada da lauya mai kasuwa ko ɗan banki a Paris, to bai taka kara ya karya ba. Shahararren marubucin nan Balzac, wanda mijin ƙanwarsa injiniyan gadoji da hanyoyi ne, ya saka wani matashin injiniya cikin littafinsa na Limamin Ƙauye da ya fito a 1841, yana kukan cewa an tatse ƙwaƙwalwarsa tun yana yaro, sa'an nan aka jefa shi lardi yana ƙirga tsakuwar gyaran hanya a kan albashin da bai kai ya kawo ba.

Duk da haka mutane ba su daina turuwa ba, saboda akwai abubuwan da ba a rubuta su a takardar albashi. Ba a korar injiniyan gwamnati sai da babban laifi, yana da fansho a zamanin da yawancin jama'a ba su san shi ba, kuma in ya yi wa wata ƙaramar hukuma aiki ana ba shi lada gwargwadon kuɗin aikin. Sa'an nan ga suna. Alal misali Henry Darcy ya jawo wa garinsu Dijon ruwan sha daga wani marmaro a 1840, tun Paris ba ta samu irinsa ba. Ya ƙi karɓar ladan da doka ta ba shi, ya amshi lambar zinariya kawai. Ƙa'idar da ya gano a 1856 kan yadda ruwa ke ratsa yashi, ita masu haƙar rijiyar burtsatse ke aiki da ita har gobe. Haka nan Louis Vicat, wanda aka tura gina gada a garin Souillac, ya gano sirrin haɗa siminti a wajejen 1817, ya bayyana wa duniya kyauta bai yi rajistar mallaka ba. Sai bayan shekaru kusan 30 majalisa ta yanka masa fansho na musamman don godiya. Ɗansa Joseph kuwa, wanda shi ma ya yi Politeknik, barin aikin hukuma ya yi ya kafa masana'antar siminti a 1853. Kamfanin Vicat na nan har yanzu, a 1999 ma ya sayi masana'antar siminti ta Rufisque a ƙasar Senegal. Uba ya bar suna, ɗa ya bar dukiya, ka ga gardamar danginka a cikin gida guda.

Zuwan jirgin ƙasa ne ya buɗe ƙofar fita sosai. Dokar 1842 ta ce gwamnati ta shata layuka ta gina gadoji, kamfanoni kuma su shimfiɗa dogo su gudanar da jirage. Kamfanonin nan ba su da inda za su samu ƙwararru sai cikin ma'aikatan gwamnati, kuma suna biyan ninkin-ba-ninkin abin da hukuma ke biya. Maimakon ta hana, sai gwamnati ta riƙa ba injiniyoyinta dogon hutu, su je su yi wa kamfani aiki muƙaminsu na ajiye yana jiransu. Paulin Talabot ta haka ya zama shugaban kamfanin jirgin da ya haɗa Paris da Lyon da Marseille. François Voisin kuma shi ya jagoranci aikin haƙa mashigin ruwan Suez a Masar, wanda aka buɗe a 1869. Ɗalibai suka laƙaba wa wannan ƙaura suna "pantoufle", watau silifas ɗin zaman gida. Ma'ana dai mutum ya tuɓe takalmin hukuma mai matsi ya zura silifas mai taushi. Da abin ya fara wari, a 1919 aka yi dokar da ta hana jami'i shiga kamfanin da ya sa wa ido sai bayan shekara 5, wa'adin da aka rage zuwa shekara 3 a 2007.

Ya kamata mu ambata cewa ba duk gwanin injiniya ne ya bi ta wannan hanya ba. A 1829 wasu mutane suka buɗe makarantar Centrale don horar da injiniyoyin masana'antu. Gustave Eiffel bai samu shiga Politeknik ba, can ya tafi, kuma shi ne kamfaninsa ya gina hasumiyar ƙarfen nan ta Paris a 1889.

Amma wajen riƙe ragamar ƙasa, 'yan Politeknik ba su da na biyu. Uku daga cikinsu sun shugabanci Faransa: Sadi Carnot daga 1887 zuwa 1894, da Albert Lebrun daga 1932 zuwa 1940, da Valéry Giscard d'Estaing daga 1974 zuwa 1981. Fulgence Bienvenüe ya gina jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris da aka buɗe a 1900. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta kafa hukumar makamashin nukiliya a 1945 da kamfanin lantarki na ƙasa a 1946, ta damƙa su a hannun waɗannan injiniyoyi. A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanka malam, don kuwa hukumar nukiliyar nan ce ta bi sawun yuraniyom a arewacin Nijar, aka kafa kamfanin Somair a 1968, aka fara haƙa a Arlit a 1971. Georges Besse, wanda ya ja ragamar kamfanin Cogema a shekarunsa na farko daga 1976, ɗan rundunar ma'adinai ne.

Yanzu sai batun sharaɗin. Ƙa'idar da Faransa ta tsaya a kai ita ce, wanda aka biya shi albashi yana ɗalibi, to ƙasa na bin sa aikin shekara 10, in ya fita kafin nan ya mayar da kuɗin. Wata doka ta 1970 ta fayyace yadda za a biya, kuma kuɗin fansar kan ma silifas ake ce masa. Sai dai manyan kamfanoni sun saba biya wa wanda suke so, abin bai fi musu cikin cokali ba. Daga 1986 gwamnati ta shiga sayar da kamfanoninta da bankunanta, tazarar albashi tsakanin hukuma da kasuwa ta yi faɗin da ba a taɓa gani ba. Patrick Pouyanné, alal misali, ya fara aiki a ma'aikatun gwamnati, ya koma kamfanin mai na Elf a 1997, ya zama shugaban Total a 2014, muƙamin da ake biyan miliyoyin yuro a shekara, abin da babu wani babban sakataren ma'aikata da zai yi mafarkinsa.

A shekarar 2000 aka yi wa makarantar gyaran fuska, aka ce duk ɗalibin da ya ƙara shekara ta huɗu a wata makarantar da aka amince da ita an yafe masa biya. Sakamakon haka sai abin mamaki ya faru. Wanda ya wuce banki a London kai tsaye ba a bin sa ko sisi, wanda kuwa ya shiga aikin gwamnati ya yi shekara 6 ko 7 sa'an nan ya fita, shi ake bi bashi. Alhali a lokacin kowane ɗalibi Bafaranshe na karɓar kimanin yuro 900 a wata, kuma masu shiga aikin hukuma ba su kai kashi 1 cikin 4 ba. Kotun binciken kuɗin ƙasa ta yi suka, wani ɗan majalisa mai suna François Cornut-Gentille ya tsaya kai da fata a kan batun, har a 2015 aka fito da sabuwar doka. Ta ce wanda bai shiga rundunonin gwamnati ba, lalle ya yi wa hukuma aikin shekara 1 cikin shekaru 5 na farko, ya kuma cika 10 cikin shekaru 20, in ba haka ba ya biya.

Kada kuma a manta da alherin tsarin. A 1972 aka fara ɗaukar mata, kuma wata budurwa, Anne Chopinet, ita ta zo ta ɗaya a jarrabawar shiga ta shekarar. Élisabeth Borne, wadda mahaifinta ya rasu tana da shekara 11, da tallafin hukuma ta yi karatu, ta shiga Politeknik a 1981, ta bi ta rundunar gadoji da hanyoyi, ta zama firayim minista daga 2022 zuwa 2024.

A Afirka ta Yamma Faransa ta kawo sharaɗin shekara 10, amma ta riƙe muƙamin injiniya ga 'ya'yanta. Makarantar William Ponty ta Senegal, inda Diori Hamani da Boubou Hama da Djibo Bakary suka yi karatu, malamai da akawuna da mataimakan likita take fitarwa, kowa kuma da alkawarin shekara 10 a wuyansa. Mai yiwuwa kai ma malam ka sa hannu a irin wannan takarda sa'ad da ka shiga makarantar horon malamai. Sai bayan samun 'yancin kai a 1960 aka buɗe ƙofa, aka riƙa tura yara ƙetare, a 1968 kuma ƙasashen yankin suka haɗu suka kafa makarantar injiniyoyin raya karkara a Wagadugu. A shekarun nan injiniyan gwamnati ɗan gata ne, aiki na jiransa tun bai sauko daga jirgi ba, ga gida ga mota.

Abin da ya karya tsarin shi ne ita hukumar ce ta fara kasa cika nata alkawarin. Farashin yuraniyom ya faɗi cikin shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗalibai suka yi zanga-zanga a gadar Kennedy ta Yamai kan matakan tsimin da suka shafi ilmi, aka harbe 3 bisa ƙidayar hukuma. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ma'aikata kuma suka riƙa yin watanni ba albashi. A Nijeriya ma kusan haka aka yi, ƙarin albashin Udoji na 1974 ya ɗaga ma'aikaci sama, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sauko da shi, ƙwararru da dama suka kama hanyar kamfanonin mai ko ƙasashen waje.

Wasu ƙasashen kuma sun ɗauki tsarin sun riƙe shi gam. Amurka ta kwaikwayi Politeknik wajen gyara makarantar sojanta ta West Point a zamanin Sylvanus Thayer daga 1817, kuma mai gama ta sai ya yi aikin soja na shekara 5. Singafo kan ɗaure wanda ta tura karatu waje da aikin shekara 6, a 1998 har wata hukumar ƙasar ta buga sunayen waɗanda suka karya alkawari a bainar jama'a. Amma fa ita Singafo tana biyan manyan ma'aikatanta albashin da ke gogayya da na kamfanoni.

To malam, shawara dai taku ce kai da ɗanka, amma tarihin nan ya nuna wuraren da ya kamata ku duba kafin alƙalami ya taɓa takarda. Shekara nawa ne sharaɗin, kuma daga yaushe za a fara ƙirga? In ya yi rabi ya fita, rabin kuɗin zai biya ko duka, da ruwa ko babu? In ya gama hukuma ba ta ba shi aiki ba cikin wa'adi, shin ya kuɓuta ko yana nan a ɗaure? Ana barinsa ya ƙaro ilmi a tsakani? Kai kuma da za ka tsaya masa, me za a iya kamawa naka, gida ko fansho? Ku nemi a rubuta muku amsar kowace, ku kuma ajiye kwafi, don masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Ku kuma tuna cewa matashin injiniyan gwamnati kan samu riƙon babban aiki, madatsar ruwa ko doguwar hanya, a shekarun da takwaransa na kamfani ke riƙe wa wani jaka, kuma wannan gogewar ce kamfanoni ke zuwa saye da tsada daga baya.

Da fatan ka gamsu, a gaida mutanen Damagaram. Sauran masu sauraro da takardunsu ke hannunmu su ƙara haƙuri, muna bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.